Ranar da Zoben Kyaftin Melgar Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa saɓa cinyar saniya a kafaɗa a filin jirgin El Alto, can saman birnin La Paz, a zamanin da naman yankin Beni yake zuwa mana ta sama, ya san Don Hilarión Callisaya. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, da hannuwa kamar an sassaƙo su daga ƙotar gatari. Ba kyaftin ba ne, bai taɓa tuƙa jirgi ba, sunansa kuma bai taɓa fitowa a jarida ba. Bakanike ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zama a kan akwatin katako, a bayan kujerun matuƙa biyu, yana sauraron inji. Amma akwai mutane a ƙasar nan, har da 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda suke shan iska a yau saboda rana ɗaya ya manta da matsayinsa.

An haife shi a wani ƙauye a bakin tafkin Titicaca, a gidan da dukiyarsa ba ta wuce tumaki goma sha biyu da gonar dankali ba. Da ƙanƙara ta kashe gonar shekara biyu a jere, sai ya naɗe bargonsa ya hauro El Alto. A lokacin babu hanyar mota tsakanin garkunan Beni da kasuwannin La Paz. Sai an ji ta rediyo cewa jirgi na tafe ake yanka shanu a can gangare, a loda naman da ɗuminsa a tsofaffin jiragen da suka yi saura daga babban yaƙin duniya, a tsallako duwatsu da shi kafin zafi ya taɓa shi. Aikin farko da Hilarión ya samu shi ne wanke jinin da ke kwanciya a daɓen jirgi. Daga bokiti ya koma riƙe wa makanikai fitila, daga fitila ya koma sifana. Ba a makaranta ya koyi inji ba, da kunne ya koya. Yakan tsaya a ƙarƙashin fiffike, ya karkatar da kai kamar kazar da ta ji motsin shaho, ya ce silinda kaza ce take tari, a buɗe kuwa a tarar haka ne. Kafin ya cika talatin manyan matuƙa sun koma kiransa Maestro, wato gwani, ya kuma auri Basilia, mai sayar da kunun jar masara da romo a ƙofar rumfar jirage.

Sana'ar tana da dokoki biyu waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya haddace su. Ta farko, bakanike yana da ido a kan inji, ba shi da baki a kan tuƙi. Yana iya cewa mai ya yi zafi, ba ya iya cewa an yi ƙasa da yawa. Sandunan ba inji wuta kuwa, waɗanda ke tsakanin kujerun nan biyu, taɓa su a sama ba da izini ba daidai yake da tuɓe wa kyaftin hula a bainar jama'a. Ta biyu, idan wani abu ya ɓaci, ƙarfe ake ɗora wa laifi. A rubuta cewa agogo ya maƙale ko birki ya ƙi kamawa, bakanike ya sa hannu, ya sha faɗa ko a dakatar da shi mako biyu, takardar tuƙin kyaftin ta zauna fes. Hujjar ita ce, bakanike in an kore shi a nan gobe ya sami wata rumfar, kyaftin kuwa in an karɓe takardarsa ya gama yawo. Sau uku Hilarión ya sa hannu a irin wannan takarda, bai kuma ɗauke ta zalunci ba. Haka ya tarar ana yi.

Abin da ya sauya shi shi ne mutuwar Kyaftin Evaristo Roca, mutumin da ya fara ɗora shi a kan akwatin nan. Ranar da abin ya faru Hilarión yana gida, murfin inji ya datse masa yatsu biyu, wani bakanike ne ya tafi a madadinsa. Damina ce, gajimare ya sauko ya kwanta a kan filin har ba ka hango jelar jirgi daga hancinsa. A irin wannan rana saukar makafi ake yi. Matuƙi ba ya ganin komai ta gilashi sai fari, don haka yakan mai da idonsa kan agogunan da ke gabansa, ya bi allurar da ke nuna masa saitin titin sauka, yana rage tsayi kaɗan-kaɗan. Akwai wani tsayi da aka yanka masa a matsayin iyaka. In ya kai nan ya ga titi, ya sauka. In bai gani ba, babu shawara, ya ba da wuta ya koma sama. Kyaftin Roca ya yi irin wannan sauka ta fi sau ɗari biyar. Ran nan ya wuce iyakar bai tsaya ba, ya ci gaba da gangarowa a natse har ya haɗu da ƙasa, saura tafiyar minti ɗaya ya kai titin. Mutum biyar ne a ciki, ba wanda ya fita.

Da farko Hilarión aka nuna da yatsa, tunda shi ya gyara injinan. Masu bincike suka kwance su gunduwa-gunduwa, ba su sami aibu ba, agogunan ma lafiya lau. Wani sai ya ce ya huta. Shi kuwa wankewar ta fi zargin damunsa. Inji lafiya, agogo lafiya, matuƙi gwani, to me ya kashe su? Amsar a bakin matar marigayin ya same ta, ranar addu'ar kwana takwas, tana miƙa masa kofi.

"Maestro," in ji ta, "kwana tara bai yi barcin kirki ba. Safiyar ranar ya zauna a bakin gado zai ɗaura igiyar takalmi, na shiga kicin na dawo, na tarar yana barci, igiyar na hannunsa. Da na taɓa shi sai ya ce, 'Idona biyu, Carmela, tunani nake yi.'"

Hilarión ya koma gida a ƙasa, bai hau mota ba. Ya zauna ya dubi matarsa.

"Basilia, shekara goma ke nan ina sauraron abin da ba ya ƙarya. Inji in ya gaji faɗa yake yi, ya yi zafi, ya yi tari, ya zubar da mai. Mutum kuwa in ya gaji sai ya gyara hula ya ce lafiyarsa ƙalau."

"To sai ka koma gyaran mutane," in ji ta. "Ka fara da kanka, ka sauke min takalman nan daga kan bargo."

Ita da wasa ta faɗa, shi kuwa abin da ya yi ke nan. Bai gaya wa kowa ba, amma daga ranar kunne ɗaya ya bar wa inji, ɗayan ya ba matuƙa. Ya lura gajiya ba hamma ba ce kaɗai. Matuƙin da ya huta, idonsa yawo yake a kan agoguna kamar makiyayi mai zaga garke: tsayi, gudu, allura, daidaiton fiffike, ya sake zagayowa. Wanda ya gaji kuwa, sai idon ya sami agogo ɗaya ya zauna a kansa, sauran su yi ta tafiyarsu ba mai kallo. Ka yi masa magana ya amsa, amma amsar ba ta gangarowa hannu. Ganyen kokar da suke dunƙulawa a kumatu kamar goro yana kashe yunwa, yana riƙe fatar ido a buɗe, amma ba ya korar barci, rufa masa asiri kawai yake yi. Ga tudun namu kuma mai siririyar iska, wanda ke sa kan mutumin da ya taso daga zafin gangare ya yi nauyi ko da yana tsotson bututun iska. Kowane matuƙi da tasa alamar. Wani in ya gaji sai ya daina zagi. Wani sai ya tambayi abu ɗaya sau uku.

Kyaftin Nicanor Melgar, wanda Hilarión ya yi shekara goma sha huɗu a bayansa, tasa alamar a zobe take. Mutumin gangare ne, dogo, mai gashin baki da murya kamar ganga, yana da wani ƙaton zoben azurfa na makarantar tuƙi a hannun dama. In ana saukar makafi hannun nan yana kan sandunan wuta, duk agogon da idonsa ya taɓa kuwa sai zoben ya ƙwanƙwasa ƙarfe: ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya ɗan dakata, ya sake. Shi kansa bai san yana yi ba. Wani ba zai ji ba saboda rurin inji, amma kunnen da ke gane tarin silinda ɗaya a cikin goma sha takwas ba zai rasa wannan ba.

Kullum cikin tsokanar juna suke, irin ta ɗan gangare da ɗan tudu.

"Kai mai cin busasshen dankali," in ji Kyaftin da safe, "injinan naka za su kai mu yau, ko in zauna in rubuta wasiyya?"

"Za su kai ka, Kyaftin. Ai su ba 'yan gangare ba ne, da sai sun kwanta a ragar lilo bayan kowace loma."

Shekarar da abin ya faru, bikin Karnabal, babban shagalin shekara, ya faɗo a tsakiyar damina. Kowane gida a La Paz yana son nama, mahauta suna jeruwa a bakin rumfa tun sanyin safiya. Kamfanin da suke wa aiki na wani Don Aurelio ne, jiragensa biyu, ɗaya kuma yana kwance ba inji. Don haka nauyin ya hau kan Kyaftin Melgar da mataimakinsa Zenón Arancibia, wani tsohon sojan sama mai 'ya'ya biyar wanda magana ke yi wa wuya. Sawu uku suke yi kowace rana, kwana goma sha ɗaya a jere ba hutu.

Ranar Juma'a, a sawu na uku, suka sauka a garken San Ambrosio da misalin ƙarfe biyu. Ana loda nama, su kuma suna shan kofi a inuwar fiffike. Hilarión ya ga Kyaftin ya zuba sukari ya juya, ya sake zubawa ya juya, ya zuba na uku, ya sha bai ko yamutsa fuska ba. Ya kuma tuna cewa tun safe ba a kira shi mai cin busasshen dankali ba. Sai ya matsa kusa, ya rage murya.

"Kyaftin, ga ragar kwanciya can an ɗaure a gindin mangwaro. Awa ɗaya tak. Zan ce fulogi nake dubawa."

"Yau kuma ɗan tudu ne ke tura ɗan gangare raga? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Dubi can." Ya nuna inda aka jera naman shanu ashirin da biyar a kan ganyen ayaba, ƙudaje sun fara kai gaisuwa. "Awa ɗayar da zan kwanta, ta ƙuda ce. Bayan la'asar kuma duwatsu rufewa suke yi, ka fi ni sani. Mu sauka gida, in yi barci har Talata, ko bindiga aka buga kada a tashe ni. Idona biyu, Maestro."

Kalmar nan ta ƙarshe, Hilarión ya taɓa jin ta tare da kofi a gidan makoki. Ya zaga bayan jirgi ya sami mataimakin yana wanke fuska a bokiti.

"Don Zenón, ka karɓi saukar nan ta yau."

"Ka taɓa ganin ya bar wa wani sauka a gajimare? Balle ni ma, wallahi, bibbiyu nake ganinka."

Hanya ɗaya ta rage masa, ya buɗe murfin inji ya ce ya ga ɓarna, kowa ya kwana a nan. Ya tsaya da sifana a hannu, ya dubi naman, ya dubi fasinjoji ukun da ke jira, wata malamar makaranta da wani makiyayi da doki ya karya wa ƙafa da matarsa. Ya mai da sifanar aljihu. Har yau in an yaba masa a kan abin da ya biyo baya, yakan ce a fara ƙirga masa wannan kuskuren tukuna.

Suka tashi, suka tsallake duwatsu ta wata 'yar kafa da gajimare ya bari. Da suka fito wannan ɓangaren sai suka tarar tudun duka ya rufe. Hasumiyar filin ta gaya musu ta rediyo cewa ana yayyafi, gajimare kuma ya sauko ƙasa-ƙasa, amma wani jirgi ya samu ya sauka ɗazu. Kyaftin ya zagayo ya kama saitin titi, aka saukar da tayoyi, gilashi ya koma fari fat kamar an lulluɓe shi da ulu. Hilarión ya kafa ido a kan agogunan inji, ya kafa kunne a kan zobe. Huɗu, ya dakata. Huɗu, ya dakata. Zenón yana amsa hasumiya, goshinsa a jikin gilashi, yana neman fitilun titi. Sai zoben ya buga uku. Can ya buga biyu. Daga nan ya yi shiru.

"Saura ƙafa ɗari biyar," in ji Zenón.

"Na ji."

"Saura ɗari."

"Na ji."

"Iyaka, Kyaftin. Ban ga titi ba."

"Na ji."

Zenón ya ji amsa, sai ya mai da goshinsa jikin gilashi, yana jiran a ba da wuta kamar yadda aka saba. Gajiyarsa shi ma ba ta bar shi ya lura cewa jiran ya yi tsawo ba. Hilarión ya dubi agogon tsayi, ya ga hannun ya ƙetare jan fentin da shi da kansa ya ɗiga a wurin, yana ci gaba da gangarawa. Ya leƙa gefen fuskar Kyaftin. Idon a buɗe yake tar, ya kafe a kan allurar saiti, allurar kuwa tana tsakiya cif, ko gashi ba ta kauce ba. Daidai suke tafiya, ba karkata, kai tsaye zuwa ƙasa.

"Kyaftin," in ji shi.

"Na ji."

Bai san tsawon lokacin da ya yi yana kokawa da dokar da ya yi rabin rayuwarsa yana bi ba. Shi yakan ce ya kai shekara, Zenón ya ce numfashi ɗaya ne. Abin da ya zo masa a rai ba Basilia ba ce, ba kuma 'ya'yansa ba, igiyar takalmi ce a hannun mai barci. Ya ɗaga hagunsa ya zabga wa Kyaftin mari a ƙeya, ya ɗora damansa a kan hannun mai zoben, ya tura sandunan gaba iya ƙarfinsa.

"Sama! Nicanor, sama!"

Bai taɓa kiran sunan nan ba sai ran nan. Injinan suka yi ruri, amma jirgi mai cike da nama, a siririyar iskarmu, ba ya jin magana nan take. Ya ci gaba da nutsewa. Gajimaren ya yage, sai ga rufin kwano, ga shanya a kan igiya, ga wata mata a tsakiyar tumakinta ta ɗaga kai, iskar farfela ta fizge mata hula. Kyaftin ya zabura kamar wanda aka watsa wa ruwan ƙanƙara, ya ja hanci sama, Zenón ya ɗage tayoyi. Wayar lantarki ta wuce ta ƙarƙashinsu, kusa har Hilarión ya ga tsuntsayen da suka watse daga kanta. Sannan farin ya sake haɗiye su, hannun agogon tsayi ya tsaya, ya yi kamar yana shawara, ya fara hawa.

Can suka huda gajimaren suka fito rana.

"Ɗauke hannunka," in ji Kyaftin.

Hilarión ya ɗauke. Kyaftin ya janye nasa hannun daga sandunan, ya ɗora shi a cinya.

"Zenón, jirgi naka ne. Mu nufi filin Cochabamba."

A can sarari garau yake, Zenón ya sauke su lafiya. Naman a can aka karyar da shi, mahautan La Paz suka koma gida hannu rabbana. Kyaftin ya kwanta a kan benci a ofishin filin, sai washegari da hantsi ya farka.

Kafin su dawo El Alto labari ya riga su, wai bakanike ya mari kyaftin a sama. Don Aurelio ya kira su ofis, takarda tana kan tebur an riga an buga ta. Kyaftin yana tsaye a bakin taga, ya juya musu baya.

"Sa hannu, Maestro," in ji Don Aurelio. "Agogon tsayi ya maƙale, kai kuma ka ruɗe ka taɓa abin da ba naka ba. Don girmanka ba zan kira ta kora ba. Amma ka san babu kyaftin da zai ƙara yarda ka zauna a bayansa."

"Don Aurelio, agogon nan lafiyarsa ƙalau."

"Na tambaye ka lafiyarsa? Yau ka fara?"

"Sau uku na yi wa ƙarfe ƙazafi, ban ji komai ba. Wannan karon in na sa hannu, za a canza agogo, kowa ya ce an gyara, jibi a sake yin sawu uku."

"To in ba agogo ba ne, mene ne?"

Hilarión ya dubi bayan mutumin da ke bakin taga. Bayan bai motsa ba.

"Wannan ba bakina ne zai faɗa ba," in ji shi. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita.

Kwana uku yana gida, gari na ta kiɗa da watsa ruwa, shi yana zaune yana goge sifanonin da ba su da datti. Ba rashin aikin ne ya fi cin ransa ba, shirun mutumin nan ne. Basilia ta gaji da kallonsa.

"Ni dai gaya min, ka mare shi da kyau?"

"Haba Basilia!"

"Tambaya nake. Shekara goma sha huɗu yana cewa romona ba gishiri, yana kuma neman ƙari."

Ranar Talata ce ranar shayar da ƙasa, ranar da kowa ke ƙawata abin da yake ci da shi da furanni da zaren takarda, ya zuba wa Uwar Ƙasa giya ya gode mata. A rumfa jirgi ake yi wa, kuma tsarin sananne ne: kyaftin ke fara zubawa a kan taya, sai mai kamfani, sai mataimaki, bakanike ne na ƙarshe. Hilarión bai yi niyyar zuwa ba, Basilia ce ta ɗora masa tukunyar romo ta ce ai ba a kore shi daga aurenta ba. Ya ajiye tukunyar ya raɓe a bayan taro. Kowa yana nan, mu masu dako, da mahauta, da matuƙan wasu kamfanoni. Aka miƙa wa Kyaftin Melgar kwalba. Ya buɗe ta, ya tsaya a gaban taya, bai zuba ba.

"Ina mai cin busasshen dankalin nan? Na ga tukunyar matarsa, ba zai yi nisa ba. Fito nan."

Aka dare, Hilarión ya fito yana murza hularsa.

"Jama'a," in ji Kyaftin, "kun ji an ce agogo ya maƙale ranar Juma'a. Agogo bai maƙale ba, ni na maƙale. Barci na yi, idona a buɗe, hannuna a kan wuta, bakina yana amsa magana. Tun daga saukar da tayoyi ban san inda nake ba sai da na ji guduma a ƙeya." Ya shafa wurin. "Kwana uku ina neman yadda zan haɗiye maganar nan, ta ƙi wucewa. Na rubuta ta da hannuna, gobe in an buɗe ofis zan kai. Don Aurelio, waccan takardar taka ka naɗe gyaɗa da ita."

Ba a taɓa jin kyaftin ya faɗi haka da bakinsa ba. Ya juyo ga Hilarión.

"Abu ɗaya ya hana ni sakat. Zenón yana gefena bai gane ba. Kai da kake bayana, yaya aka yi ka sani?"

"Zobenka ne ya yi shiru, Kyaftin."

Hilarión ya bayyana masa. Kyaftin ya ɗaga hannu ya daɗe yana kallon zoben kamar yau ya fara ganinsa.

"Shekara goma sha huɗu kana sauraron ɗan yatsana?"

"To injinan ba su cika ba ni aiki ba. Gyaran ɗan tudu ne."

Sai a lokacin aka yi dariya, dariya mai yawa, irin ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Kyaftin ya kama hannun nan da ya mare shi ya danƙa masa kwalbar.

"Kai za ka fara bana."

Hilarión ya cire hula. Ya zuba a kan taya, ya zuba a ƙasa, sannan ya juya ya fuskanci yamma, wajen da Kyaftin Roca ya faɗi, ya ɗiga kaɗan. Waɗanda suka daɗe a filin sun gane, suka cire nasu hulunan.

An dakatar da Kyaftin Melgar wata uku. Da ya dawo, da sharaɗi ya dawo, Don Aurelio kuma ya karɓa yana gunaguni: babu sawu na uku, kuma a garke sai matuƙa sun yi awa ɗaya a raga kafin a tashi, masu yanka a can su jinkirta wuƙa daidai da haka. Makiyayan San Ambrosio suka sa wa wannan hutu suna awar Maestro. A cikin jirginsa kuma ya kafa doka, cewa duk wanda ya yi wa kyaftin magana sau biyu bai ga hannu ya motsa ba, ƙeya halal ce. Ba kowane kamfani ne ya ɗauka ba. Wasu sun yi ta yi musu dariya, kuma mun ci gaba da zuwa jana'iza a wasu daminun. Amma jirgin da Hilarión ke zama a cikinsa bai taɓa rasa mutum ba, har aka fasa hanyar mota, nama ya koma zuwa a manyan motoci masu sanyi, tsofaffin jiragen suka zama gidan tsuntsaye a gefen fili.

Kyaftin Melgar ya rasu a garinsu yana da shekara tamanin da ɗaya, a cikin raga, bayan cin abinci, abin da Hilarión ya ce ya dace da ɗan gangare, ya faɗa yana share ido. Malamar makarantar nan ba ta taɓa fashin aiko wa Maestro da cuku kowace shekara ba. Matar da hularta ta tashi kuwa ba wanda ya san sunanta, ita ma ba ta san na wanda ya cece ta ba.

Yanzu Hilarión ya tsufa, kunnen hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Yakan zauna a kan akwatin nan nasa a rumfar Basilia, wadda 'yarsu ke riƙe da ita, yana shan kunu. Amma in gajimare ya kwanta a kan gari, aka ji jirgi na gangarowa a cikinsa, sai ya ajiye kofin. Yatsansa ya fara buga gefen akwatin, huɗu ya dakata, huɗu ya dakata, ba ya kuma dainawa sai wani daga cikinmu ya sunkuya ya ce masa, "Ya sauka, Maestro." Sannan ya ɗauki kofinsa.